Ɗaukewar jinin al'ada: Abin da ke sauyawa a jikin mace, abincin da take buƙata, da giɓin da ke cikin tsarin lafiya

Duk macen da Allah Ya ja kwananta za ta kai lokacin da jinin al'ada zai ɗauke mata baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi yawan mata kan kai wannan mataki ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. A shekarar 2021, matan da suka kai 50 zuwa sama su ne kashi 26 cikin 100 na dukkan mata da 'yan matan duniya, alhali shekara goma kafin nan kashi 22 ne.

Duk da wannan yawa, magana ce da ba a cika tayar da ita a gidajen Hausa ba, saboda kunya da kawaici. Uwa kan shafe shekaru tana fama da zafin jiki, rashin barci da ciwon gaɓoɓi, 'ya'yanta suna ta sayo mata maganin maleriya da na taifot, babu wanda ya kawo a ransa cewa sauyin shekaru ne. Ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce, amma tana sauya yadda jiki ke sarrafa abinci, da yadda yake tara kitse, da ƙarfin ƙashi da lafiyar zuciya. Abin da mace ke ci a waɗannan shekaru yana da tasiri a kan yadda tsufanta zai kasance.

Ma'anarta da lokacinta

Likitoci na cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba tare da ciki, shayarwa, magani ko wata rashin lafiya ta jawo hakan ba. Kafin a kai nan akwai zangon gabatowa, wanda kan soma tun mace tana cikin shekarunta na arba'in, ya ɗauki shekara huɗu ko fiye, wasu ma har kusan goma. A wannan zango al'ada kan rikice: ta zo da wuri, ta yi jinkiri, ta tsallake wata biyu ko uku, ta zo da yawa ko ta zo ɗan kaɗan.

Idan jinin ya ɗauke tsakanin shekara 40 zuwa 45, ana ɗaukar hakan a matsayin ɗaukewar wuri. Idan kuwa kafin 40 ne, abin da ke samun aƙalla mace ɗaya cikin ɗari, larura ce da ke buƙatar kulawar likita, domin ƙashi da zuciya za su daɗe ba su da kariyar da suka saba samu. Tiyatar cire ma'ajiyar ƙwai biyu da wasu magungunan sankara na iya kawo ɗaukewar nan take, kuma matan da ke shan taba kan riga sauran da shekara ɗaya zuwa biyu.

Macen da ta haura 45 kuma take da alamomin da aka sani ba ta buƙatar gwajin jini kafin a tabbatar mata, domin sinadaran kan hau su sauka daga mako zuwa mako, gwaji ɗaya ba ya nuna gaskiyar lamari. Sannan ana iya ɗaukar ciki a zangon gabatowa. Shi ya sa ake shawartar mai amfani da hanyar tazarar haihuwa ta ci gaba har shekara biyu bayan jininta na ƙarshe idan ba ta kai 50 ba, ko shekara ɗaya idan ta haura.

Fiƙihun Musulunci ya daɗe da sanin wannan mataki. Aya ta 4 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta sanya wata uku a matsayin iddar macen da ta yanke tsammanin haila. Mata da yawa kan fara kai tambayar rikicewar jininsu wajen malamai saboda salla da azumi. Jinin da ya zarce kwanakinsa yana da hukuncinsa a addini, yana kuma da buƙatar a duba shi a asibiti.

Abin da ke faruwa da sinadaran jiki

Ana haihuwar 'ya mace da ƙwayayen haihuwa tsakanin miliyan ɗaya zuwa biyu a ma'ajiyar ƙwanta. Adadin yana raguwa kullum, zuwa lokacin balaga ya koma 'yan dubban ɗaruruwa, a daidai ɗaukewar al'ada kuwa bai wuce kusan dubu ɗaya ba. Ma'ajiyar ƙwan ce ke samar da manyan sinadaran homon guda biyu na mata, estirojin da furojestaron. Homon saƙo ne da wata gaɓa ke sakawa cikin jini domin ta umarci wasu gaɓoɓin. Idan ƙwayayen suka ƙare, saƙon ma yakan yi rauni.

Aikin estirojin bai tsaya a mahaifa ba. Yana rage saurin zaizayewar ƙashi, yana taimaka wa jijiyoyin jini su kasance da laushi, yana da hannu a yadda hanta ke sarrafa kolestarol, yana kuma karkatar da kitse zuwa ƙugu da cinya maimakon ciki. A ƙwaƙwalwa, yana shafar sashen da ke daidaita zafin jiki da barci da yanayin rai. Da ya yi ƙasa, sai wannan sashe ya riƙa ɗaukar ɗan ƙaramin ƙarin ɗumi a matsayin zafi mai tsanani, ya buɗe jijiyoyin fata, ya sako gumi. Wannan shi ne zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa wuya da fuska, ya yi minti ɗaya zuwa biyar, wani lokaci tare da bugun zuciya, sannan ya bar mace cikin jin sanyi.

Binciken SWAN da aka soma a Amurka a 1996, wanda ya bi mata fiye da 3,000 na jinsuna daban-daban shekara da shekaru, ya gano cewa matsakaicin tsawon wannan tasowar zafi da gumin dare shi ne shekara 7.4 ga masu yawan fama da shi. Ga baƙaƙen fatar Amurka kuwa ya kai shekara 10.1. Sauran alamomin sun haɗa da rashin barci, saurin fushi, mantuwa, ciwon gaɓoɓi, bushewar gaba da yawan fitsari. Wasu matan kan wuce wannan zango ba tare da wata wahala ba, wasu kuwa aikinsu da zamansu na aure kan girgiza.

A ƙasar da maleriya ta zama ruwan dare, duk zafin jiki ana kiran sa zazzaɓi. Ma'aunin zafi da gwajin maleriya na gaggawa, wanda ake yi cikin kusan minti 15 zuwa 20, sun isa su raba gardama kafin a sha magani. Haka kuma bai dace a jingina kowane gumin dare ga shekaru ba. Idan ya haɗu da tari na mako biyu ko fiye da rama, tilas a yi gwajin tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya.

Nauyi, tumbi da tsoka

Mata da yawa kan lura cewa zanen da suka saba ɗaurawa ya soma yi musu kaɗan a ƙugu duk da ba su ƙara yawan abinci ba. Bincike ya nuna cewa ƙarin nauyin da ake samu a tsakiyar rayuwa, kusan rabin kilo zuwa kilo ɗaya a shekara, ya fi alaƙa da shekaru da raguwar motsi. Abin da ɗaukewar al'ada ke yi shi ne sauya mazaunin kitsen: ya bar ƙugu da cinya ya taru a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, a daidai lokacin da tsoka ke raguwa. Wannan kitsen ciki ya fi na ƙarƙashin fata haɗari, domin yana sa jiki ya daina amsa umarnin insulin yadda ya kamata, wanda shi ne mafarin ciwon suga.

Saboda haka igiyar awon tela ta fi sikeli faɗin gaskiya a wannan zango. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, haɗari na ƙaruwa idan kewayen cikin mace ya haura santimita 80, ya kuma yi tsanani idan ya wuce 88.

Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2021 ya nuna cewa saurin da jiki ke ƙona abinci, idan aka yi la'akari da girman jiki da tsokarsa, ba ya sauyawa sosai tsakanin shekara 20 zuwa 60. Ma'ana, abin da ya fi kamata a kare shi ne tsoka, kuma tsoka tana buƙatar abu biyu: furotin da aiki. Mafi ƙarancin furotin da aka ƙayyade wa baligi shi ne giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa, amma masana da yawa na shawartar giram 1 zuwa 1.2 ga masu manyan shekaru. Mace mai kilo 65 tana buƙatar kusan giram 65 zuwa 78 ke nan a rana. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, kofin dafaffen wake kusan 13, kofin madara kusan 8. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, gurjiya, kifi, nono da kindirmo duk hanyoyi ne masu sauƙi a kan nama, kuma ya fi amfani a raba su a kan abincin safe, rana da dare.

Ta fuskar motsi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiya da sauri, hawa bene, tashi daga kujera ba tare da dafawa ba da ɗaga abu mai ɗan nauyi duk suna cikin lissafi. Akwai abin lura a nan: a gidajen Hausa, lokacin da mace ta zama uwar miji ko kaka shi ne lokacin da ake karɓe mata daka, shara da ɗiban ruwa don girmamawa. Hutun ya cancanta, amma zama wuri ɗaya daga safe zuwa dare yana cin tsoka da ƙashi.

Ƙashi

Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo. Estirojin ne ke taka wa rushewar burki. Binciken SWAN ya gano cewa mata sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na kaurin ƙashin bayansu cikin shekara goma, kuma mafi yawan asarar ta auku ne a cikin shekara uku kacal: shekara guda kafin jinin ƙarshe da shekara biyu bayansa. Zaizayewar ƙashi ba ta ciwo, sai ranar da ɗan zamewa a banɗaki ya karya ƙugu ko wuyan hannu. Gidauniyar ƙasa da ƙasa mai kula da wannan larura ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura 50 a duniya za ta samu irin wannan karaya. Ranƙwafawar da ake gani a bayan wasu tsofaffi sau da yawa sakamakon murƙushewar ƙasusuwan baya ne.

Ƙasashe sun bambanta a kan yawan kalsiyam da ake buƙata: Amurka ta ƙayyade miligiram 1,200 a rana ga macen da ta haura 50, Birtaniya kuwa 700 ga kowane baligi. Kofin madara ko kindirmo na ba da kusan 300. Busasshen garin kuka na ɗauke da fiye da miligiram 1,000 a kowane giram 100, ko da yake 'yan cokula ake kaɗawa a tukunyar gida guda. Zogale, riɗi, kuɓewa da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu suna ƙarawa. Alayyafo na da kalsiyam, sai dai wani sinadari da ke cikinsa yana hana jiki tsotse mafi yawansa.

Kalsiyam ba ya shiga jini sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan hasken rana ya taɓa ta. Yawan rana a yankin Sahel ba ya nufin kowa na samun isasshe. Fata mai duhu ta fi buƙatar lokaci a rana, kuma macen da ba ta cika fita ba, ko take fita a lulluɓe, na iya rasa shi. Zama na ɗan lokaci a tsakar gida da hannuwa da ƙafafu a buɗe yana taimakawa, haka ma gwaiduwar ƙwai, hanta da kifi mai mai irin su sadin.

Jini da sinadarin ƙarfe

Buƙatar sinadarin ƙarfe tana juyawa a wannan zango. Kafin ɗaukewar al'ada, an ƙayyade wa mace miligiram 18 a rana a ma'aunin Amurka. Bayan ta haura 50 sai ya sauka zuwa 8, tunda ta daina zubar da jini kowane wata. Amma a zangon gabatowa wasu matan kan yi zubar jini mai yawa, musamman masu ƙari a mahaifa, larurar da ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, wato da yawansu suna shiga wannan zango ne da giɓi a jikinsu.

Gajiya, jiri, haki da kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara na daga cikin alamomin ƙarancin ƙarfe. Nama, hanta, kifi, wake da ganye suna gyara shi, kuma haɗa su da lemon tsami, tumatir, gwaiba ko garin ƙwallon kuka yana ƙara yawan abin da jiki ke tsotsewa. Shayi kuwa yana rage shi idan aka sha tare da abinci, don haka gara a ba da tazarar awa guda. Jiƙa hatsi da barin sa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage sinadarin da ke ɗaure ƙarfe a cikin gero da dawa. Bayan al'ada ta ɗauke, bai kamata a ci gaba da shan maganin ƙarin jini ba tare da gwaji ba, kuma ƙarancin jini a wannan lokaci yana buƙatar a nemo dalilinsa, domin yana iya zama alamar tsiyayar jini a hanji.

Zuciya, hawan jini da suga

Ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne kan gaba wajen kashe mata a duniya, kuma haɗarinsu na ƙaruwa bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da mugun kolestarol ke hawa, jijiyoyin jini suna ƙara tauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Ɗanɗanon dunƙule da ake jefawa uku ko huɗu a tukunya kusan rabin nauyinsa gishiri ne, sannan a ƙara gishirin kansa a kai. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da busasshen kifi na iya ɗaukar wani ɓangare na aikin.

Suga da ake ƙarawa a abinci da abin sha bai kamata ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ake samu daga abinci a rana ba, wato kusan giram 50 ga matsakaicin baligi, kuma rabin hakan ya fi. Gorar lemon kwalba ta rabin lita ita kaɗai na iya cike wannan adadi, kuma zoɓo, kunun aya da fura da aka cika wa suga ba su tsira ba. Hukumar ta kuma shawarci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace da aƙalla giram 25 na harza a rana, wato ɓangaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa. Gero, dawa da acca da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da fulawa wannan amfani. Faranti mai kyau shi ne wanda rabinsa ganye ne, kwata wake, kifi ko nama, kwata kuma tuwo.

Wasu matan kan lura cewa yaji, shayi mai zafi, gahawa ko goro na tayar musu da zafin jiki ko hana su barci. Wannan ya bambanta daga mace zuwa mace, kuma hanyar ganewa ita ce a bar abu ɗaya na mako biyu a ga ko an samu sauƙi.

Waken soya da magungunan talla

Waken soya na ɗauke da wasu sinadaran tsirrai masu kama da estirojin, amma masu rauni ƙwarai. Sakamakon gwaje-gwaje a kansu ya saɓa wa juna: wasu sun nuna ɗan sauƙi a tasowar zafi, wasu ba su nuna komai ba. Awara da madarar soya abinci ne mai kyau saboda furotin da arha, kuma cin su daidai gwargwado ba ya jawo sankarar mama. Ƙwayoyi da garin da ake tallatawa a Facebook, TikTok da WhatsApp da sunan “daidaita homon” kuwa wani abu ne daban. Lambar rajistar NAFDAC a jikin kayan ƙarin kuzari ko na gargajiya ba ta nufin an tabbatar suna warkar da abin da mai talla ke faɗa, waɗanda ba su da lambar kuwa ba a ma san abin da ke cikinsu ba.

Rikicewar cin abinci

Ana ɗaukar larurorin cin abinci a matsayin matsalar 'yan mata, amma wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan mata fiye da 5,000 masu matsakaicin shekaru a Birtaniya ya gano kusan kashi 15 cikin 100 sun taɓa fama da irin wannan larura a rayuwarsu, kashi 3.6 kuma a cikin shekarar da aka yi binciken. Sauyin sinadarai, rashin barci mai ƙara jin yunwa, damuwa da sauyin sura duk suna haɗuwa a lokaci guda. Alamomin sun haɗa da cin abinci mai yawa a ɓoye ba tare da iya tsayawa ba sannan a biyo da nadama, ƙaurace wa abinci da gangan, janyo amai, ko shan maganin gudawa don rage nauyi. Larura ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ake magancewa, kuma gori ko zolayar 'yan gida yana ƙara ta'azzara ta.

A arewacin Najeriya matsin lambar yana zuwa ta fuska biyu. Akwai masu neman ramewa da shayin rage tumbi, wanda sau da yawa maganin gudawa ne ko na sa fitsari. Ruwa yake fitarwa, kitse yana nan, kuma yana iya rikita gishirin jini da bugun zuciya. Akwai kuma masu neman ƙiba da magungunan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda akan haɗa da dezametazon da makamantansa. Shan irin wannan magani na tsawon lokaci yana zaizaye ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini, wato dai larurori ukun da mace ta fi fuskanta a wannan zango. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina dare ɗaya, sai likita ya tsara mata yadda za ta rage.

Akwai kuma yunwar da ba ta zaɓi ba ce. A gidajen da abinci bai wadata ba, uwa ce kan ci a ƙarshe, bayan maigida da yara, kuma tsokar nama ba ta cika isowa kwanonta ba. A watan azumi, mai yawan gumi na buƙatar ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, da furotin a sahur, mai ciwon suga ko hawan jini kuwa ta ga likita kafin watan ya kama domin a daidaita mata magani.

Maganin homon

Babu abincin da ke maye gurbin estirojin. Ga macen da alamomi suka hana ta sakat, maganin homon shi ne mafi inganci wajen rage tasowar zafi, yana kuma kare ƙashi. Amfani da shi ya faɗi warwas a 2002, lokacin da aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai ɗauke da mata fiye da 16,000 saboda ƙarin haɗarin sankarar mama, gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne. Nazarin da ya biyo baya ya sa manyan ƙungiyoyin likitoci suka tsaya a kan cewa ga mafi yawan mata masu lafiya da ba su kai 60 ba, ko ba su wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa. Mai mahaifa tilas a haɗa mata da furojestaron don kare ta daga sankarar mahaifa. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, gudan jini, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon hanta mai tsanani galibi ba a ba ta. Akwai wasu magungunan da ba na homon ba, ciki har da wani sabo da Amurka ta amince da shi a 2023. Duk wannan hukunci ne na likita, ba na mai kemis ba.

Alamomin da ba a jira da su

Duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ne, yana buƙatar bincike. Kusan mace ɗaya cikin goma masu wannan alama akan samu sankarar mahaifa, wadda ake warkewa idan an gano ta da wuri. Haka nan jini bayan saduwa, ƙullutu a mama, rama ba dalili, ciwon ƙirji, da baƙin cikin da ya ɗauki makonni yana hana aiki ko kawo tunanin cutar da kai.

Inda hukuma ta shigo

Tsarin lafiyar mata a Najeriya an gina shi ne a kan ciki, haihuwa da rigakafin yara, kuma yawan mace-macen masu juna biyu ya isa hujja. Sai dai babban binciken lafiya na ƙasa, wanda ake tsara manufofi da shi, yana yi wa mata tambayoyinsa ne daga shekara 15 zuwa 49. Macen da ta cika 50 ta fita daga wannan lissafi a daidai lokacin da hawan jini, suga da karaya suka soma neman ta, kuma abin da ba a ƙirga ba da wuya a ware masa kuɗi.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, duk da dokar lafiya ta 2014 da ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma ƙwai, kifi da madara na cikin abubuwan da ake fara sokewa daga cefane. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemon kwalba da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo ya buɗe muhawara a kan ko ya isa ya rage sha, da kuma inda kuɗin ke tafiya.

Abubuwan da za a iya nema daga jihohi da ƙananan hukumomi ba masu tsada ba ne: awon hawan jini, suga da jini a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko, horar da ungozoma da ma'aikatan lafiya su gane alamomin ɗaukewar al'ada, sanya matan da suka haura 49 cikin ƙididdiga, da sa ido a kan masu sayar da sha-ka-fashe. Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai a kan ɗaukewar al'ada ta duniya. A cikin gida kuwa, ɗa ko 'yar da ke riƙe da kuɗin cefane na iya farawa da raka uwa awon hawan jini da suga, da tabbatar da cewa wake, kifi da kindirmo suna isa kwanonta.